Ranar da Aka Hana Badaru Kiɗa

"Yau ma ba kiɗa?" wani mai sayen nama ya tambayi mahauci.

"Wa zai kaɗa? Sun hana Badaru shiga mayanka."

"A kan 'yar waƙar nan ta waya?"

"Rage murya, oga. Yaran kansila na shan shayi a bayanka."

Badaru makaɗin mahauta ne. Daga Talatar Mafara ya zo Agege a bayan tirelar shanu, tun gashinsa na baƙi, da kalangu a hammata. Kowane mahauci yana da takensa, kiɗan da in an kaɗa kowa ya san da wa ake. Badaru ya riƙe su duka a ka, har na waɗanda suka mutu. Ya kaɗa da safe, a yanko masa tsoka. Da haka ya ci da iyali har ya yi furfura.

Mubina haifaffiyar Agege ce, ɗalibar koyon aikin jarida. Ita da abokan karatunta suna da shafi a intanet, inda suke sa mawaƙa da maɗinkan hula na unguwa. Da zaɓe ya matso, ta ɗauki Badaru yana waƙa. Waƙar ta ce kowa ya je ya karɓi katin zaɓe, sannan ta tambayi Kansila Yusha'u ina rijiyar burtsatsen da ya yi wa mayanka alkawari, ga jini kwance a kwata ba ruwan kora shi.

Don ta kare tsohon, Mubina ta yanke sunan kansila kafin ta saki waƙar. Ba ta san Yusha'u ɗan mahauta ba ne, kuma takensa kalangun ke kaɗawa tun daga farko har ƙarshe. Shugaban mahauta ya aiko: kada Badaru ya sake taka mayanka.

Mubina ta sami Badaru a ƙofar ɗakinsa, kalangu rataye a ƙusa.

"Baba, ka yafe ni. Bari in goge, in je in ba su haƙuri, ko sa bar ka ka koma."

"Ki goge me?" in ji Badaru. "Ni na yi kiɗa ranar sunan Yusha'u. Da yana neman ƙuri'a, wa ya zagaya da shi layi-layi? Lokacin kalangu bai zama rashin kunya ba. Mahautan nan da suka sunkuyar da kai aka kore ni, ba su ke jidar ruwa a jarka ba?"

"To Baba, abincinka fa?"

"Shi suka riƙe. Jira suke in je in durƙusa, in ce ban san abin da hannuna ya kaɗa ba. Ke kuma kin yanke sunan, kin mai da ni mai habaici a bayan ganga, kamar tsoronsa nake."

Badaru ya nuna wayar da ke hannunta.

"'Yata, buɗe wayar nan. Ki mayar da sunansa inda kika cire, ki rubuta nawa a ƙasa."