Gumbar Malama Safara'u

Duk wanda ya rasu a ƙauyen nan na bayan Indabo cikin shekara arba'in da suka wuce, Hansai ce ta daka gumbar sadakarsa. Ba biyanta ake yi ba, hannunta ne kawai ya faɗa. Ta surfa gero, ta wanke, ta kirɓa shi da sukari, ta cuccura, ranar uku a raba wa masu zaman makoki. Ita ta daka ta mijinta Ya'u, ita ta daka ta 'ya'yanta biyu, tana hawaye taɓarya na tafiya.

Bara waccan aka yi musu baƙi. Malam Yahuza, tsohon malamin makaranta daga Kano, wata ƙungiyar wa'azi ta turo shi ya zauna a ƙauyen, shi da matarsa Malama Safara'u. Tsofaffi ne tukuf, 'ya'yansu duk sun yi nisa. Aka ba su gidan da ke jikin na Hansai. Kai, Malama ta ga ta kanta! Matar da ta saba da famfo da gas, ga ta da guga da karan dawa, hayaƙi na cika mata ido. Hansai ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Malama, haka za ki kashe bawan Allahn nan da yunwa? Miƙo tukunyar." Daga ranar suka shaƙu.

Malam mutumin kirki ne, wannan ba musu. Manya da yawa a wurinsa suka gyara Fatiharsu. Amma akwai abin da ya sako a gaba, wato zaman makoki. Kullum bayan la'asar maganar ke nan: a binne mamaci, a yi ta'aziyya, kowa ya kama gabansa. Tabarmar kwana uku da gumba duk bidi'a ne. Da Sanusi mai shanu ya rasu, Malam ya raka gawa har makwancinta, amma bai taka tabarmar ba. Kwanon gumbar da aka aika masa kuwa ya mayar a rufe. Abin ya yi wa mutane ciwo, suka haɗiye.

Da damina ciwo ya kwantar da Malama. Aka kai ta asibiti a Wudil, aka dawo da ita jiki ba daɗi. Wata safiya ta riƙe hannun Hansai ta ce, "Yaya, ba tafiyar nake tsoro ba, mutumin nan nake ji. Shekara hamsin bai taɓa wuni shi kaɗai ba. Don Allah kar ku bar min shi a ƙofar gida ba kowa."

"Na ɗaukar miki alkawari," in ji Hansai.

Ranar Talata Malama ta cika. Gari ya fito kaf, aka sallace ta, aka binne. Kowa ya ba Malam hannu, ya ce Allah ya jiƙanta, ya saɓa fartanya ya wuce gona, daidai yadda ya koyar da su. 'Ya'yan da suka zo ma washegari suka juya. Hansai ta shiga gida-gida tana roƙo a shimfiɗa tabarma. Mai unguwa Babba ya ce, "Haba Iya, mu jefa Malam cikin abin da ya hana?" Wallahi ta rasa gane ladabi ne ko ramuwa.

Kwana biyu tana hango Malam a ƙofar zaure kan buzu. Duk wanda ya gifta sai Malam ya ɗago kai ya gyara zama, mutumin ya yi sallama ya wuce. Tausayi ya hana ta cin abinci.

Ranar uku ta jawo turmi. Ita kaɗai ta daka, ƙirjinta na zafi, ta cika kwano ta yafa mayafi ta fita. Ta durƙusa daga nesa kaɗan ta tura masa.

"Malam, ya haƙuri? Ta Malama ce."

Ya buɗe murfin, ya daɗe yana kallo. "Hansai, ina mutane?"

"Suna gona, Malam. Maganarka suka bi."

"Bidi'a ce," ya ce da ƙyar, hawaye na gangara cikin gemunsa.

Ta miƙa hannu za ta ɗauke kwanon. Ya riƙe shi gam da hannu biyu, ya ƙi saki.