Tsuruga Isao: Shekara Sha Tara a Kan Gwiwa Ɗaya

Ƙarfe shida na safe Tsuruga Isao yake shigowa filin wasa, tun ba a kunna fitilun kan ƙanƙara ba. Ɗakina yake fara zuwa. Ya zauna a benci, ya tsoma ƙafafunsa biyu cikin bokitin ruwan zafi, don sai sun yi minti ashirin a ciki kafin su yarda su shiga takalmin hoki. A nan yake cin dunƙulen shinkafa da gasasshen kifin da matarsa Fumie ta ƙunso masa, yana tsokanata.

"Likita 'yar jami'a, yau wane yatsa za ki yi wa lacca?"

"Wanda bai taɓa karyewa ba, Tsoho. In akwai."

Sunana Anzai Chihiro, ni nake kula da raunukan 'yan wasan ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garinmu, nan gabashin tsibirin Hokkaido. Shekara huɗu ina ɗaure jikin mutumin nan kowace safiya. An ce mini kada in rubuta wannan. Ga shi na rubuta, kuma da sunana a ciki.

Isao ɗan baya ne. Idan abokin hamayya ya ɗaga sanda zai maka ƙwallo, kowa kaucewa yake yi, domin daskararriyar roba ce mai gudun da ya wuce na mota. Shi kuwa matsowa yake yi, ya durƙusa kan gwiwa ɗaya, ya shimfiɗa sanda a ƙasa, ya ba ta jikinsa. Shekara sha tara yana haka. Haƙoran gabansa huɗu na roba ne. Ƙugunsa na hagu likitocin birnin Sapporo sun ce na ɗan shekara saba'in ne, shi kuwa bai cika arba'in ba.

Ku tambayi Mogi, mai tsaron ragarmu, labarin wasan kusa da ƙarshe na shekara uku da suka wuce. An fitar mana da mutum biyu, saura minti ɗaya, muna gaba da ci ɗaya. Isao ya tare bugu na farko da ƙwauri, na biyu da haƙarƙari. Na uku ya karya masa ƙashin ƙafa, har benci na ji ƙarar. Bai iya tashi ba, sai ya ja jiki ya koma gaban raga ya durƙusa, ya tare na huɗu. Washegari jarida ta buga hoton wanda ya ci ƙwallo, ta kuma yabi Mogi da cewa ya tsare raga tas.

"Ni?" in ji Mogi, ya jefar da jaridar. "A minti ɗayan nan ban ga ƙwallo ba, bayan Tsoho kawai na gani!"

Tsoho, kai ne katangar da ba a sa a hoto. Kai ne wanda yara sabbin shiga suke ɓuya a bayansa har ƙirjinsu ya yi ƙwari.

Da ya ce bana zai ajiye sanda, ƙungiya ta liƙa sanarwa mai layi biyu a jikin ƙofa. Babu bikin ban kwana. Na shiga ofishin manaja Kurihara ba tare da an kira ni ba.

"Yallaɓai, bara an yi wa ɗan gaba biki, da furanni da lasifika."

"Ƙa'ida ce, Anzai. Biki na wanda ya haɗa maki ɗari ne. Ƙwallo nawa Tsuruga ya ci?"

"Sha ɗaya."

"To kin gani. Kuma bayan wasan masu talla za su hau ƙanƙara."

Na ajiye masa littafin rubutuna a kan tebur. Wata biyu na yi ina kallon tsofaffin bidiyon wasanninmu ina ƙirgawa. Bugu dubu ɗaya da ɗari takwas da arba'in da biyu Isao ya tare, ban da na shekara uku da ba a ɗauka ba. Kurihara bai ko buɗe ba.

"Aikinki bandeji ne, 'yata, ba lissafi ba."

"Ni ba 'yarka ba ce, Yallaɓai. Kuma daga bandejin na koyi lissafin."

Da Isao ya ji, dariya ya yi. "Haba Likita, bar su. Ni da tsayuwa a gaban mutane?" Na kusa yarda da shi, sai Fumie ta tare ni a kasuwar kifi. Ta ce tun lokacin kaka Isao ya rubuta jawabin ban kwana, layi huɗu, ya ninke ya sa cikin safar hannunsa ta wasa, yana maimaitawa a banɗaki yana tsammanin ba ta ji. "Bai taɓa neman komai a filin nan ba," in ji ta, "sai minti ɗaya na karanta jawabin nan."

Ranar Lahadin da ta wuce aka buga wasanmu na ƙarshe a gida. Kafin a fita, Mogi ya tara 'yan wasa ya ce da biki ko babu, za su ɗaga Tsoho su cilla shi sama kamar yadda ake yi wa duk mai ban kwana. Ni na hana. Na san ƙugun nan fiye da kowa, cillawa ɗaya za ta mayar da shi asibiti.

"Ke ma, Likita?" in ji Mogi. "Ke ma kin koma wajen ofis?"

"Ku nemo abin da ba zai karya shi ba."

An tashi wasa, an cinye mu biyu da ɗaya, kuma Isao ya tare bugu shida. Ma'aikata suka fara janyo jan kafet na masu talla. Babu ɗan wasan da ya fita. Mogi ya zo gaban Isao ya durƙusa kan gwiwa ɗaya, ya shimfiɗa sanda a ƙasa. Sauran suka bi, su ashirin. Sai 'yan bayan ɗaya ƙungiyar suka juyo daga ƙofa, su ma suka durƙusa. Kafet ya tsaya a rabin hanya, don babu inda zai bi.

Isao ya dube su. "Mogi, gwiwarka a buɗe take. Ta nan ƙwallo za ta wuce."

Aka fashe da dariya. Isao ya zaro takardar daga safar hannu. Ba a ba shi lasifika ba, amma har kujerun baya an ji. Ya gode wa mai gyaran ƙanƙara. Ya gode wa Fumie. Ya gode wa garin nan. Layi na huɗu ya ce: "Ku masu tsaron raga, ku yafe mini ƙwallayen da suka wuce ni."

Wannan layin ne ya hana ni yin shiru. Mutumin da aka hana minti ɗaya shi ne ya nemi gafara, waɗanda suka hana shi har yau ba su ce komai ba. Ƙa'idar maki ɗari tana nan a rubuce. Duk ɗan bayan da zai zo bayansa, hanyar da zai fita ke nan, sai in mun sa an goge ta.

Tsoho, na gode. Kai ka koya mini a ci duka a tsaya a inda aka tsaya, kuma da abin da ka koya mini na shiga ofishin nan. Bokitinka yana ɗakina, ba zan ba kowa ba.

Ku kuma iyayen da kuke tsayawa a gefen fili ranar Asabar, idan yarinyarku ko yaronku ya durƙusa a gaban bugu, ku ƙirga masa, ku faɗa masa adadin a hanyar gida. Ni na fara. Dubu ɗaya da ɗari takwas da arba'in da takwas.