Kwamin Kifin Baba da Zoɓon Inna

Ranar wata Laraba ce, kwana huɗu bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji shida na firamare. Na fito da tsintsiya zan share tsakar gida, sai na tarar da Baba tsugune a bakin kwamin kifinsa, ya naɗe hannun riga yana tsamo 'ya'yan tarwaɗa ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a tasa. Duk sun juyo da fararen cikkunansu sama. Kajin Inna sun kewaye shi suna jiran rabo, bai ko kore su ba. Na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Wannan ne karo na biyu da kifinsa suka mutu cikin wata guda.

Baba masunci ne a dam ɗin Tiga, wanda ruwansa ya shanye garin kakanninmu aka dawo da su nan ƙasar Bebeji. Da kamu ya yi ƙaranci, sai ya gina kwami na siminti a bayan rumbu, ya sayo irin tarwaɗa daga Kano zai yi kiwo. Abokansa suka samu abin tsokana, wai masunci ya bar dam guda ya koma kamun kifi a kwano. Da aka yi asara ta biyu, Kaka ta kafe a kan cewa baki ne ya kama kwamin. "Ruwa ba ya tsami banza," in ji ta, ta sa aka yi ta turare har idanunmu suka yi ja. Shi kuwa Baba a ranar ya ce wa Inna, ina jinsa daga bakin murhu, "Da an kai amfanin gona gida zan fasa kwamin nan, in bi su Sale Kudu."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na san irin wannan tafiyar. Sale uban ƙawata Ladidi ne, ya tafi cin rani na wata huɗu, sai da ya shekara uku, har ƙaninta ya yi wayo bai san fuskarsa ba. Ni kuma 'yar gaban goshin Baba ce, ni nake riƙe masa bakin komar kamun kifi in yana ɗinki. A makaranta ko 'yar gala-gala muke yi sai in taka layi, don hankalina yana kan dawar da ta fara nuna a gona.

Aikina ne kullum da yamma in tace wa Inna zoɓon da take sayarwa, in wanke rariya da kofuna. Ni kuwa akwai son jiki, ban ƙi a faɗa ba. Wata rana ƙyuyar jan guga ta kama ni, ga kwami cike da ruwa babu kifi ko ɗaya, sai na kamfato da farin kwanon sha na tsoma rariyar a ciki. Maimakon ruwan ya yi ja-ja kamar kullum, sai ya rikiɗe ya zama kore shar. Na tsaya baki buɗe. Sau ɗaya na taɓa ganin haka, ranar da na ɗiga ruwan kanwar miyar kuka cikin zoɓon sayarwa, na sha ranƙwashi. To wa ya zuba kanwa a ruwan kifin Baba?

Washegari na yi abin da ba a taɓa yi ba a gidanmu: na buɗe kabad ɗin jeren Inna na ɗauko kofunan gilashi uku na aurenta, waɗanda ko baƙo ba a ba shi ruwa da su. Na zuba ruwan rijiya a ɗaya, ruwan dam da Baba ya zo da shi a jarka a ɗaya, na kwami a na ukun. Na jera su a kan turmi, na kira shi. Ya zo yana cewa in yi sauri, shi ba sa'an wasana ba ne. Na ɗiga zoɓo a kowanne. Biyu suka yi ja-ja, na kwami ya koma kore. Baba ya ɗaga kofin ya duba a hasken rana, ya sa na sake, na sake, har sau uku. Sai ya zura takalmi ya nufi gidan maginin da ya yi masa aikin. A can aka gaya masa ai sabon siminti yana da zafi, yana sakin abu mai kaifi irin na kanwa, sai an jiƙa shi an yi ta sauya ruwa kafin ya huce. Wai maginin ya zaci kowa ya sani.

Baba ya dawo ya ce ya ba ni zuwa girbi. In ruwan bai gyaru ba, maganar tafiya Kudu tana nan. Daga nan muka shiga hidima. Mu cika kwami, mu sare kututturen ayaba mu jefa a ciki kamar yadda maginin ya ce, bayan kwana uku mu buɗe makwarara mu goge bango da soso, mu sake cikawa. Ni da nake gudun guga guda, sai ga ni tafin hannuna ya yi kanta. Kowace safiya kafin in sa kayan makaranta zan ɗebo ruwa in ɗiga zoɓo, Kaka tana leƙowa tana cewa jikarta ta zama boka. Makon farko kore, na biyu ma kore. Na uku ya yi wani toka-toka. A lokacin an fara yankan dawa, kuma na ga Inna ta wanke jakar tafiyar Baba ta shanya a igiya, na shiga bayan rumbu na yi kuka mai isata.

Ranar da kofin ya yi ja-ja, da gudu na je gona da shi a hannu, rabin ruwan ya zube a hanya. Baba bai yarda nan take ba. Ya je bakin dam ya kamo ƙananan tarwaɗa biyar ya saka, ya ce su ne alƙalai. Suka kwana, suka wuni, suka yi mako suna wawar tsaki. Sai ya yi ta kamowa yana ƙarawa har kwamin ya yi baƙi da kifi. Motar 'yan cin rani ta tashi ba shi. Kafin damina ta zagayo, Inna tana bandar kifi, masu saye suna sallama tun daga Kiru, kuma waɗanda suka yi masa dariya sun fara aiko 'ya'yansu da ruwa a kwalba, wai a ba 'yarsa ta duba. Na ji daɗin wannan, har tafiyata ta sauya.

Yau aikina kula da manyan akwatunan gilashi na kifin teku ne a wani kamfani a Legas. Ni ke haɗa ruwan gishirin, in tsoma na'ura ta nuna mini lamba kafin in ƙifta ido, kuma ba ta kuskure. Amma ban taɓa jin gabana ya faɗi a kan lambar nan ba kamar yadda yake faɗuwa a tsakar gidanmu ina jiran launi. Baba yana nan da kwami huɗu, furfura ta cika masa gemu, bai taɓa kwana a Kudu ba. Duk sanda na kira shi, tambayarsa ɗaya ce: "Yaushe za ki zo gida?" Na tsare shi a gida, ni na tafi.