Takalmin Kawu Mai Lamba

Kawuna ɗinkin takalmi yake yi, amma ba na kowa da kowa ba. Masu ƙafa mai wuyar sha'ani ne ke zuwa wurinsa: wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, mai kumburi, tsohuwar da yatsunta suka hau juna. Mutum zai taka kwali, Kawu ya durƙusa ya zagaye ƙafar da fensir, ya lallatsa ta yana tambayar inda ke ciwo. Sai ya gama wannan yake taɓa fata.

Ina shagonsa ranar da katafila ta zo faɗaɗa titi. Na gama jami'a, ban samu aiki ba, nakan je in taya shi zama. Muna kwashe kaya bangon baya ya faɗo. Har yau in babbar mota ta wuce sai gabana ya faɗi.

Kayan aikin suka koma ɗakin baya na gidansa, tsakanin tsohon firji da buhunan gawayi. Masu zuwa suka ɗauke ƙafa, don ba wanda ya san inda ya koma. Babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, ya samo masa aikin gadi a wani sito, ya ce gurbin ba zai jira ba.

"Ni da gadi?" in ji Kawu. Ya juyo gare ni. "Malama mai digiri, ba a ce yanzu a cikin waya ake buɗe shago ba? Buɗe mini."

Na duba kamfanonin da ke ba mutum wurin gina shafin intanet, na tsayar da biyu. Na farko shafi ne kawai: hotuna, bayanin aikinsa, lambar waya, mai so ya kira ya zo a auna shi. Na biyu kanti ne sosai, mutum ya zaɓa, ya biya, a kai masa gida. Amma shi ba ya karɓar takalmi sai an sa masa lambar girman ƙafa.

Na ce na farkon ya fi dacewa da shi. Inna, matarsa, ta leƙo daga kicin.

"A auna a ina? A nan, kan gawayina? Wa zai kawo uwarsa wannan lungun?"

"Ke dai ji da tukunyarki," ya ce, amma ya dubi ɗakin, na ga maganar ta shige shi.

Yaya ma ya bugo waya. "Baba, duniya ta wuce zanen kwali. In za a yi, a yi wanda ake saye ko kana barci. In ba haka ba ka zo ka karɓi kaki."

Kawu ya daɗe yana jan hotunan kantin da babban yatsa. Akwai layin takalma a jere, fes, kamar yadda nasa suke a da a bayan gilashi.

"Wannan ya yi kama da shago," ya ce. "Sa mini shi."

Ragowar fatarsa mai kyau ya yanka. Karon farko a rayuwarsa ya ɗinka takalmi ba tare da ya ga ƙafar mai shi ba. Yana yi yana tsaki. "Arba'in da uku ɗin nan, wane ne shi? Yana ɗingishi ko ba ya yi?" Na yi dariya, shi bai yi ba.

Makonni suka wuce shiru. Ina tashi in duba, in na gama salla in duba. Sai ga ciniki ɗaya. Wata mata ta ga sunansa, ta tuna shi ne ke yi wa mahaifinta takalmi a da, ta zaɓi lamba ta biya. Kawu ya goge takalmin da kansa, ya naɗe, ya raka mai babur ɗin da zai kai shi har bakin titi.

Ba a daɗe ba ta zo da takalmin a leda. Mahaifin nata mai ciwon suga ne. Ya sa shi saboda ya yarda da hannun Kawu, takalmin ya goge masa dunduniya, ciwon ya ƙi warkewa, yana asibiti. Ba ta yi faɗa ba.

"Baba ya ce in tambaye ka ko lafiya," ta ce. "Wai ba aikinka ba ne wannan."

Kawu ya karɓi ledar da hannu biyu. "Aikina ne, 'yata. Ki ce masa ya yafe mini."

Na ce masa za mu iya komawa shafi na farko, ba wuya, yini ɗaya ya isa. Ya girgiza kai. Fatar ta ƙare, ya ce, kuma ya gaji.

Ran da zai fara gadin na je da safe. Kakin ya yi masa yawa a kafaɗa, Inna na kama hannun rigar da allura tana mita ƙasa-ƙasa. Ya ce in rufe kantin kafin wani ya sake saye. Na rufe a gabansa. Ya tambaye ni ko an kira ni daga wuraren da na nemi aiki, na ce tukuna. Ya ce Allah ya kawo, ya ɗauki gorar ruwansa ya fita.