Hotunan da Mai Zobe Ya Goge

A layin masu gyara, tsakanin shagon mai gyaran agogo da na mai ɗinkin kujerun mota, akwai wani ɗan shago marar allo. Mai shi ana ce masa Mai Zobe, kuma 'yan mata sun sha zuwa neman na zinariya su koma da haushi. Nasa zoben ba ya shiga yatsa. Na tagulla ne, faɗinsa kamar bakin kofin shayi, aikinsa kuwa haɗa tsohon idon kyamara da kyamarar zamani.

Da can mai hoto ne, na zamanin fim da ɗakin duhu. Da kyamarorin zamani suka zo, wasu abokan sana'arsa suka koma sayar da katin waya, wasu suka koma gida suna zagin zamani, wanda shi ma aiki ne, sai dai ba ya ciyar da iyali. Shi kuwa ya rage da akwati guda na tsofaffin idanun kyamara, masu nauyi, ƙarfe da gilashi zalla, waɗanda sai da hannu ake murɗa su kafin hoto ya fito. Ya hana a zubar. Ana nan sai masu hoto na yanzu suka gano wai tsohon ido yana ba hoto rai, suka dawo suna neman abin da iyayensu suka jefar. Matsalar ita ce bakin tsohon ido ba ya kama jikin sabuwar kyamara. Mai Zobe ya sayi tsohon injin feƙe ƙarfe, ya ɓata tagulla ta wata shida, ya iya.

Sirrin aikin a kauri yake. In zoben ya ɗara ƙa'ida ko da silin gashi ne, idon zai ga na kusa tangaran, na nesa kuwa ya zama hayaƙi. Saboda haka kowane zobe sai an gwada shi da abu mai nisa. Wasu na gwadawa da hasumiyar waya. Shi yana da nasa ma'aunin. Ta tagar bayan shagon, can bayan rufin gidaje da wata falwaya, ana hango saman benen da yake haya, kuma kullum wajen ƙarfe goma na safe matarsa takan hau ta yi shanya. Sai ya ɗaura idon a kyamarar mai aiki, ya murɗa shi har ƙarshe, ya auna ta, ya danna. In igiyar shanyar ta fito siririya guda ɗaya, kuma ana iya ganin wane mayafi ta yafa, zobe ya yi. In ba haka ba ya koma kan inji.

Shi ya sa ba a karɓar aiki a wurinsa kafin sha ɗaya. Masu kawo aiki sun ɗauka maganar hasken rana ce, har wani ya taɓa rubuta hakan a intanet. Mai gyaran agogo ne kaɗai ya san gaskiya, yakan ce bai taɓa ganin mutumin da ake biya don ya kalli matarsa ba, kuma daga nesa, inda ba za ta aike shi cefane ba.

Ita matar, wadda yake kira Uwar Auta, ba ta son hoto. Shekara talatin da huɗu tana auren mai hoto, amsarta ɗaya ce: ka bari sai na shirya. Ba ta taɓa faɗin me shirin ya ƙunsa ba. Da ta ji labarin tagar, sai ta kafa sharaɗi.

“Ka kalla iya son ranka, na saba. Amma in na ji hotona ya kwana a kyamarar wani ƙato, a ɗaki zan riƙa shanya.”

Ya yi alkawari, kuma shi mutum ne mai cika alkawari, abin da ake yabon mutum da shi. Yakan danna, ya duba, ya goge, ya miƙa wa mai kyamara kayansa fes kamar ba a taɓa ba. Har alfahari yake da hakan. Shekara goma sha ɗaya, zobe uku ko huɗu a mako, kowanne gwaji biyu ko uku. Babu macen da aka ɗauka hoto kamarta a layin nan.

Ta rasu wata Laraba da rana, bayan jinyar kwana tara. Kayan da ta shanya kafin a kai ta asibiti sun yi mako biyu a kan igiya kafin Auta, 'yarsu, ta tuna ta kwashe.

Auta ce ta tayar da maganar. Tana da tsohon ciki a lokacin, ta ce tana son hoton Umma, don wata rana abin da za ta haifa zai tambaye ta. Suka zazzage gidan. Hoton aurensu danshi ya cinye shi tun a tsohon gida, sai kafaɗar ango da ta rage. Na katin shaida ya fito da wata mata mai farar fuska, ido a rufe rabi, wadda ba wanda ya taɓa zama da ita. A wayar Auta akwai hotuna goma sha bakwai na tafin hannun mahaifiyarta, duk a lokacin da take kare fuska. Layukan tafin sun fito sosai.

“Baba, kai fa mai hoto ne,” in ji Auta. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma da ma ta yi faɗan.

Tun daga ranar Mai Zobe ya koma bin mutanen da ya yi wa aiki, yana roƙon su duba ko ya taɓa mance wani hoto a katin kyamararsu. Da farko ba ya faɗin dalili, sai suka ɗauka binciken ingancin aiki yake. Kowa ya tabbatar masa, cikin jin daɗi, cewa bai taɓa barin komai ba. Wani mai hoton biki ya ce shi ya sa ma yake turo masa mutane, don irinsa masu amana sun ƙare. Mai Zobe ya yi godiya. Wata mai hoton jarida ta ce akwai masu dawo da abin da aka goge, suka kai katinta, aka dawo da hotunan taron manema labarai ɗari huɗu da na wani kare.

A shago aiki ya taru. Igiyar tana nan, ana iya gwaji da ita, mai gyaran agogo ma ya gaya masa haka. Mai Zobe ya ce igiya marar kaya ba ta nuna gaskiya. Mai gyaran agogo, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ya juya ya koma shagonsa.

A wata na huɗu wani likitan haƙori da ya taɓa yi wa zobe ya zo. Mutum ne mai sayen kyamara fiye da yadda yake ɗaukar hoto, kuma bai taɓa goge komai a rayuwarsa ba. Ya ce ya ga wani abu a katin da ya ajiye shekara shida, bai san ko shi ake nema ba, don shi bai ga kowa a ciki ba. Ya riga ya wanko shi babba, ya sa a ambulan. Auta na shagon ranar, da jaririya a baya.

Mai Zobe ya goge hannu a rigarsa ya zaro takardar. Falwayar nan ce ta fito, tangaran, har ana ganin tsagar itacen, da wata takardar talla ta mai gyaran famfo da aka manna mata, lambar wayarsa raɗau. Can bayanta, a inda saman bene ya kamata ya kasance, akwai farin hayaƙi, da wani kore a tsakiya mai tsayin yatsa, da wasu abubuwa biyu da suka miƙe sama daga jikinsa.

Ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana, da muryar aiki ya yi ta.

“Zoben ya yi kauri. Sili biyu, ko uku.”

Sannan ya tuna da aikin. Dogon ido ne, mai jawo nesa. Ya gwada, bai yi ba, ya koma inji ya rage, ya sake gwadawa. Na biyun ya fito yadda bai taɓa ganin wani ya fito ba: tana riƙe da maƙalin shanya a baki, tana harar wani abu a ƙasa, mai yiwuwa yaran maƙwabta. Ya kalle shi fiye da yadda aiki ke buƙata, sannan ya goge. Na farkon kuwa ya mance da shi, don babu kowa a ciki da za a goge.

Auta ta tambaya ko ba a iya gyarawa, ta ji ana cewa kwamfuta yanzu tana fito da fuska. Ya ce za ta fito da fuska mana, ta wata. Abin da bai shiga idon ba ba ya cikin hoton.

Ta karɓa ta duba, ta nuna abubuwa biyun da suka miƙe. “Hannunta ne nan?”

“Hannunta ne. Mayafin nan kore kin san shi.”

“Na sani. Yana wurina.” Ta yi dariyar da ba ta kai ƙarshe ba. “Ko a nan ma ba ta shirya ba.”

Likitan haƙori ya ga kamar ya kawo abin da bai kamata ba, ya fara ba da haƙuri. Mai Zobe ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce duk garin nan shi kaɗai ya taimake shi.

An yi wa Auta kwafi. Na asalin yana shago, a jikin bango kusa da tagar baya, cikin firam ɗin da kuɗinsa ya fi ƙarfinsa. Mai Zobe ya koma aiki, da hasumiyar waya yake gwaji yanzu kamar kowa, kuma ana karɓar aiki a wurinsa kowane lokaci. Baƙi kan tambaya me ya sa gwani kamarsa ya rataye hoton falwaya. Wajen ƙarfe goma yakan kashe inji ya juya kujerarsa wajen tagar. Kwanaki famfon shagon mai gyaran agogo ya fashe, yana ta neman wanda zai kira, Mai Zobe ya karanto masa lambar mai gyaran famfon jikin falwayar da ka, bai ko ɗaga kai ba.