Awoyin da Suka Ɓace wa Mai Jaka

Tun yana ɗan shekara talatin da ɗaya ake kiransa Mai Jaka, kuma sunan bai zo a banza ba. A bayan ƙofar ɗakinsa akwai wata baƙar jaka mai taya biyu, kullum a shirye: fararen riguna biyu a goge, safa, reza, buroshi da ƙaramin tawul. Shekara goma sha uku jakar nan ba ta bar bakin ƙofa ba, sai dai in ta bi shi filin jirgi.

Matuƙin jirgin sama ne a wani ƙaramin kamfani mai jirage biyar, duka masu farfela, kowanne na ɗaukar mutum hamsin. Da aikin auna kayan fasinjoji ya fara, kafin Allah ya sa ya ci jarrabawar makarantar tuƙi. Ya yi shekara goma yana mataimaki a kujerar dama, sannan aka mai da shi kyaftin, ya koma kujerar hagu da igiya huɗu a kafaɗa. Mutanen unguwa in sun gan shi da hular aikin nan, sai su ɗauka a kan kuɗi yake kwana. Ba su san ainihin albashin kaɗan ne ba, ragowar kuwa sai gwargwadon awoyin da jirgi ya yi yana tafiya. Zaman jira a filin jirgi, ko na yini guda ne, ba a biyansa. Watan da jirage biyu suka shiga gyara, tukunyar gidansa ta fi kowa sani.

Amma ba kuɗin ne ya fi cinsa ba, jadawalin aiki ne. Ranar Juma'a ake ba su na mako guda, kafin Litinin an sake shi sau biyu. Ga kuma kwanakin jiran kira, waɗanda mutum yana gida amma ba na gida ba ne: waya na bugawa, an ba shi minti casa'in ya isa. Matarsa nas ce a asibitin yara, ita ma da nata jadawalin. Akwai makon da ba sa haɗuwa sai a bakin ƙofa, yana shiga tana fita. Ita ce ta sa wa wayarsa suna Uban Gida.

"Baban yara, ga uban gidanka nan yana kira," in ji ta, ta miƙo masa wayar da yatsu biyu kamar ta ɗauko mataccen ɓera.

A ɗakin gaba mahaifinsa ke zaune, tsohon mai gyaran agogo. Shekara arba'in Baba ya yi a rumfarsa ta bakin kasuwa, lokacin da agogon hannu abin ado ne, ana yi masa wani, wato ana murɗa shi, kowace safiya kamar ana ba shi abinci. Yanzu kowa a waya yake duba lokaci. Baba ya kwaso teburinsa ya dawo gida, da gilashinsa na ido ɗaya, da 'yan sukudirebobi sirara kamar allura, da gwangwanaye cike da hannayen agogo. Shi ya koya wa Mai Jaka karanta lokaci tun kafin ya san baƙaƙe.

A shekarar da Mai Jaka ya cika arba'in da huɗu, babban kamfanin jirage ya buɗe ƙofar ɗaukar matuƙa. A can albashi tsayayye ne, kuma tun ranar ashirin ga wata mutum ya san inda zai kwana har ƙarshen watan gobe. Sai dai akwai abin da zai bari. Igiya ɗaya za ta sauka daga kafaɗarsa, ya koma kujerar dama, sunansa ya zama na ƙarshe a jerin matuƙa, ƙarƙashin waɗanda ya girme su da shekara goma sha biyar.

"Ka yarda?" matarsa ta tambaye shi.

"In dai zan san ranar da zan ci abinci a gidana, su cire biyu ma."

Sharaɗi biyu aka gindaya. Na farko, mutum ya kasance ya yi awa dubu a kujerar kyaftin. Na biyu, kada ya kai shekara arba'in da biyar ranar fara horo. Horon bana saura mako shida, na baɗi kuwa zai same shi ya wuce shekarun. Ke nan wannan ce damarsa ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe.

Ya ci ganawar baki. Ya ci gwajin tuƙi. Likita ya duba idonsa da zuciyarsa ya sa hannu. Abu ɗaya ya rage: ya kwashe abin da ke cikin littafin awoyinsa ya shigar a fom ɗin kamfanin ta kwamfuta, tafiya bayan tafiya. Littafin nan kowane matuƙi yana da irinsa, a ciki yake rubuta ranar tashi, da inda aka je, da tsawon lokacin da aka ɗauka. Nasa tsaf yake, babu gogewa ko ɗaya, domin ɗan mai agogo ne. Jimillarsa awa dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Kwana tara ya yi yana shigarwa, ya aika, ya numfasa.

Amsar ta zo ranar Talata da hantsi, layi uku. Kamfanin ya gode masa. Bisa abin da ya shigar, awoyinsa ɗari takwas da shida ne. Bai cika sharaɗi ba.

Ya karanta sau uku a tsaye, sau ɗaya a zaune. Awa fiye da ɗari uku, ina suka shiga? Abin da ya fara zuwar masa shi ne, an ɗauke shi maƙaryaci mai ƙara wa kansa awoyi. Kunyar wannan ta fi rashin aikin ciwo, ita ta hana shi ɗaga waya ya tambaya. Kwana biyu yana yawo a gida kamar wanda ya dawo daga jana'iza.

Matarsa ce ta tashi tsaye. Ta je shagon buga takardu, ta sa aka fitar mata da fom ɗin duka, shafi sittin da biyu, ta ajiye a teburin Baba da za ta wuce asibiti.

"Baba, ɗanka ya yar da awa ɗari uku a hanya. Kai ne mai ido, ka duba mana ko za a tsinta."

Da safiyar Alhamis, Mai Jaka yana jiran kira, ya shiga gaida mahaifinsa, ya tarar da shi ya manna gilashi a ido yana bin takarda da kan sukudireba.

"Zauna, direban sama," in ji Baba. Haka yake kiransa in yana son tsokana. "Tafiyar nan taku ta safe, ta garin nan mai gada, minti nawa ce?"

"Hamsin, Baba."

"Shi ne ka rubuta sifili, ɗigo, hamsin."

"Haka muke rubutawa a kamfaninmu. Awa kafin ɗigo, minti bayan ɗigo."

"To. Ran nan ka je ka dawo. Hamsin da hamsin, nawa ke nan?"

"Awa ɗaya da minti arba'in."

"Madalla, ashe kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Yanzu karanta min abin da na'urarsu ta ce a ƙarshen layi."

Mai Jaka ya sunkuya. A ƙarshen layin an rubuta ɗaya, ɗigo, sifili biyu. Awa ɗaya cif.

Ya duba layin ƙasa. Tafiya huɗu ta minti arba'in da biyar, awa uku ke nan ga duk mai agogo a hannu. Na'urar ta ba shi ɗaya da ɗigo tamanin.

Baba ya cire gilashin ya goge shi da bakin riga, a hankali, don ya daɗe yana jin daɗin abin.

"Na'urar nan ba ta taɓa ɗaura agogo ba. A wurinta awa kashi ɗari ce, in ka ce mata ɗigo hamsin, rabin awa take ji. Kowace tafiya tana yankar maka minti ashirin, kai kuma kana ta miƙa mata wuya. Shekara arba'in ina buɗe agogo, ban taɓa ganin mai minti ɗari ba."

Nan take Mai Jaka ya kira ofishin ɗaukar ma'aikata. Wata mata ta ɗauka. Ya fara bayani a dabarbarce, bai kai ƙarshe ba ta fashe da dariya.

"Kyaftin, kai ne na huɗu bana, kuma dukanku daga ƙananan kamfanoni. An rubuta a saman shafin farko cewa a mai da minti kashi na ɗari."

"Ban gani ba, ranki ya daɗe."

"Babu mai gani, rubutun kamar ƙafar tururuwa. Zan sake buɗe maka fom ɗin. Amma ranar Litinin da azahar nake miƙa sunaye, bayan nan ko ɗan'uwana ne ba abin da zan iya."

Kwana huɗu, aikin da ya ci kwana tara. Kafin ya ajiye wayar, Baba ya riga ya yage murfin kwali yana ja masa layi da rula. Ya jera minti ɗaya zuwa hamsin da tara, kowanne da kashinsa a gefe, da irin rubutun nan na da mai tsayuwa kamar soja. Minti shida, ɗigo ɗaya. Talatin, ɗigo biyar. Hamsin, ɗigo tamanin da uku.

Suna shafi na bakwai Uban Gida ya buga. Wani kyaftin ba shi da lafiya, a zo yanzu. Mai Jaka ya dubi wayar, ya dubi takardun.

"Ɗauki jakarka ka tafi," in ji Baba. "Wannan sana'ata ce."

Da ya dawo washegari, ya tarar tsohon ya bi shafi arba'in da jan biro, kowace tafiya da sabon adadinta a gefe. Matarsa ta yi musayar aikin Asabar da wata abokiyar aikinta. Baba na karantowa, ita tana bugawa, shi yana bin littafinsa da yatsa. Ranar Litinin da ƙarfe goma da kwata suka shigar da layin ƙarshe, na'urar ta ba da jimilla: dubu ɗaya da ɗari da arba'in da ɗaya.

"Ɗaya ta ƙaru," in ji Baba yana ɓata fuska. "Cike-ciken kashi ne suka taru. Ba taka ba ce, ka gaya musu."

Ya kuwa gaya musu. Matar ofishin ta ce ya riƙe, kyauta ce daga kamfani.

Yanzu wata takwas ke nan. Igiya uku ce a kafaɗarsa, kuma kyaftin ɗin da yake yawan tashi da shi an haife shi ne shekarar da Mai Jaka ya gama sakandare. Wani lokaci hannunsa na dama yakan kai wa inda babu komai, yana neman abin da ya saba taɓawa daga kujerar hagu, sai ya yi murmushi ya janye. Kasancewarsa na ƙarshe a jeri, shi ake bar wa ranakun da kowa ya ƙi. Amma ya san su tun ashirin ga wata.

Ranar da jadawalin farko ya fito, matarsa ta manna shi a jikin firji kusa da nata, ta zagaye ranakun da dukansu suke gida da jan biron Baba. Guda tara ne. Daga nan ta jawo jakar nan daga bayan ƙofa, ta zazzage ta a kan gado. A can ƙasa suka sami katin gayyata zuwa bikin ba da kyaututtuka na makarantar 'yarsu, na shekara shida da suka wuce, wanda aka kira shi aiki yana ɗaura takalmin zuwa. Ya daɗe yana kallonsa. Ita kuwa ta kakkaɓe jakar, ta hau kujera ta ɗora ta a kan kabad.

Sunan dai bai bi ta can ba. Har yau in ya fito, mai shagon bakin layi yakan ɗaga murya: "Mai Jaka, yau ina jakar?"

"Tana hutu," yakan ce. "Sai ranar Alhamis, ƙarfe bakwai da minti hamsin."