Baban Kanini Mai Shayar da Macizai

Kafin matan ƙauyen Kanzau su ɗora wa jakuna jarkoki su nufi rafi, Maluki Kithome ya riga ya fito da 'yar butarsa. Zai zagaya bayan rumbu, ya wuce ɗan kabarin da ke gindin tsamiya, ya isa can bakin shinge inda ya kafa wani tsohon kasko. Ya cika shi da ruwa, sannan ya duƙa yana duba ƙasa.

"Jiya mun yi baƙi biyu," zai ɗaga murya ya ce wa matarsa Kalekye. "Ɗaya siriri, ɗaya mai ƙiba. Sun sha, sun koma inda suka fito."

"To ka gaishe su," in ji ta, ko juyowa ba ta yi. "Shayinka na hucewa."

Yana gama shan shayin sai ya ɗaura bokitinsa mai murfi a bayan keke, ya saɓa doguwar sandarsa mai ƙugiya, ya jefa waya a aljihun gaba. Daga nan kuma ranar ta zama ta duk wanda ya fara kira. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka. Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga coci, ya ajiye sandar a gaban jama'a, ya ce gwiwa ta ƙi, ido ma ba kamar da ba. Shi ya sa na ce yau sai na faɗi ko wane ne mutumin nan, tun yana da rai yana ji, ko da zai yi fushi da ni.

Maluki ba da son maciji ya tashi ba. Manomi ne kamar kowa, yana da 'ya ɗaya a lokacin, Kanini, wadda har gobe da sunanta muke kiransa. Wata shekara da ruwan sama ya ƙi zuwa, yarinyar ta shiga ɗaki da tsakar rana za ta sha ruwa. Ta miƙa hannu bayan randa ta ɗauko ƙoƙo, ashe jan kumurci ya naɗe a wurin yana shan sanyi, ya sare ta. Shekarunta shida. Uban ya yi abin da kowannenmu zai yi a wancan zamanin. Ya yanko robar tayar keke ya ɗaure hannun tamau, ya sa reza ya tsaga wurin saran, ya ruga da ita gidan mai baƙin dutsen nan da ake mannawa a kan ciwo a ce yana zuƙe dafi. Kwana biyu dutse na manne, hannu na kumbura yana yin baƙi. Da aka ga abin ya ƙi, aka nufi asibitin garin Mwingi, amma a hanya ta cika, a kan cinyarsa, a bayan motar gawayi.

Wata nas ta dubi hannun, ta gaya masa gaskiya ba ta rage masa komai ba. Ta ce ɗaurin da jinkirin sun fi macijin ɓarna, da an kawo ta ranar farko da ta tashi. Maganar nan ta shige shi har ɓargo. A bakin kabarin 'yarsa, gindin tsamiyar gidansa, ya yi rantsuwa cewa muddin yana numfashi, babu wani uba ko uwa a Kanzau da za a sake gaya wa irin wannan magana. Ya bar gona ya tafi bakin teku, ya kama aikin shara a wani gida da ake kiwon macizai ana tatsar dafinsu don haɗa magani. Shekara huɗu ya yi yana kallo yana tambaya, har aka ba shi sanda. Sai ga shi ya dawo mana da bokiti da ƙugiya da wata magana da ta sa muka ɗauka ya zare.

A taron cif, wato mai garinmu, gindin kuka, ya miƙe ya ce, "Jama'a, maciji ba ku yake nema ba. In rani ya yi tsanani ƙishirwa ke koro shi, kamar yadda take koro ku. Ya shinshino randa, ya shigo ɗaki. Kowa ya kafa kasko can bakin shinge, nesa da ƙofa, ya zuba ruwa. In ya sha a can, me zai kawo shi gindin gadon yaranku?"

Tabɗijam! Kafin ya zauna Katunge ta miƙe, wato Maman Ndinda, shugabar mata masu saƙar kwando, wadda ko cif ba ya son haɗa hanya da bakinta.

"Baban Kanini, gishirin teku ne ya taɓa maka kai? Awa uku nake yi ni da jakina, in tona yashi har kafaɗata ta riƙe, in samo jarka huɗu. Sannan in zo in ce wa maciji sannu da zuwa, ga ruwa? Ko shayi ma zan dafa masa?"

"Ruwan ɗaurayar kwano ma ya isa, Maman Ndinda."

"Ruwan ɗaurayar kwano na akuyata ne!"

Wurin ya ɓarke da dariya, har da masu riƙe ciki. Ranar aka laƙaba masa Mai Shayar da Macizai, kuma ba da yabo aka laƙaba ba. Shi ko a jikinsa. Ya bi gida gida yana roƙon fasassun tukwane, ya kafa a inda aka yarda, ya ba da haƙuri a inda aka kore shi. Rani ɗaya, rani biyu, sai mata suka fara lura da kansu: gidajen da ke da kasko, sawun jan ciki a bakin shinge yake tsayawa. Sannu a hankali kasko ya yaɗu. Katunge kaɗai ta ce ita ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta shayar da abin da ba shi da ƙafa.

Abin da idonmu ya gani a shekarun nan, ina zan fara? Akwai ranar da mesa ta shiga akurkin Fasto ta haɗiye zakaransa, ciki ya yi nauyi ta kasa fita. Maza sun taru da adduna, wani har ya kawo kalanzir. Sai ga Baban Kanini a guje a kan keke, yana kaɗa ƙararrawa yana ihu, "Ku tsaya! Ku tsaya!" Ya ce wa Fasto, "Ranka ya daɗe, zakara dai ya tafi, kashe ta ba zai sa ya yi cara gobe ba. Amma in ka kashe ta, wa zai cinye ɓerayen rumbun coci?" Ya shiga akurkin da rarrafe, ya fito rungume da abar, maza huɗu suka taya shi sa ta a buhu suna ƙyaƙyata dariyar tsoro. A kan kekensa ya kai ta can cikin duwatsu ya sake ta.

Akwai kuma ranar da ya zo makarantar firamare da wani ɗan macijin gida marar dafi, don yara su taɓa su san bambanci. Yaran suka yi layi suna shafawa suna tsalle. Malamin ajin kuwa, babban mutum da gemu, sai ganinsa aka yi a kan tebur yana riƙe da rajista a ƙirji. Ba zan faɗi sunan malamin ba, don ni ne. Har yau in muka haɗu a kasuwa sai ya ce, "Malam, ka sauko?"

Kunkurun da gobarar daji ta ƙona, shi ke jinya. Hawainiyar da yara za su jefa, shi ke karɓa ya ɗora a hannu ya nuna musu ba ta cizo ba ta kawo tsiya. Kuma duk inda ya tsaya, ko gidan biki ko gidan makoki, sai ya maimaita abu uku har mun haddace: kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsaya wurin mai dutse. A kwantar da mutum, a hana shi motsi, a nemi babur, a tafi asibiti. Ladansa bai wuce kwanon dafaffen masara da wake ba, wani lokaci mangwaro. Tun da ya dawo, an yi sara a Kanzau, ba a ce ba a yi ba, amma ba mu haƙa kabari ko ɗaya saboda shi ba.

Sai dai akwai abin da ke cin ransa, kuma ya sha faɗa wa Kalekye. Duk saran da aka yi, shi ake kira, shi ke zuwa ya ƙwace robar daga hannun mutane. Yakan ce, "Ranar da ba na nan fa? Anya ba bakina kawai suke bi ba?" Shi ya sa da yanar ido ta rufe masa gani, shekara biyu yana ƙin zuwa a yi masa aiki, don kada ya kwana a wajen gari. Sai da ya kusa damƙar macijiyar nan kasa da hannu yana zaton guntun icce ne, sannan Kalekye ta tasa shi a gaba zuwa Mwingi.

Ranar da aka yi masa aikin, yana kwance ido a rufe da auduga, a ranar ce abin ya faru. Jikar Katunge, Mueni, 'yar shekara bakwai, ta je ɗebo itacen girki a bayan madafi, kasa ta sare ta a idon sawu. Ihu ya tashi. Aka kira wayar Baban Kanini, tana kashe. Kawun yarinyar ya iso da roba a hannu ɗaya, reza a ɗayan, wani tsoho kuma ya ce yana da sauran baƙin dutse a jaka.

Waɗanda ke wurin sun ce Katunge ta tsaya cak kamar an dasa ta. Sai ta fizge robar ta cilla kan rufin ɗaki.

"Duk wanda ya taɓa ƙafar yarinyar nan, ni da shi ne!"

"Haba Inna, dafin zai hau zuciya!" in ji kawun, yana kuka.

"Shekara nawa mutumin nan yana yi mana magana, kunnenka na ina? Kawo muciya!"

Ta jera muciya a gefen ƙafar, ta naɗe da zane sakwa-sakwa don kada ta motsa, ta cire mata abin adon ƙafa. Ta sa aka kira mai babur, ta hau ta rungume yarinyar a tsakiya, suka nufi asibitin Mwingi. Tsohuwar da ba ta taɓa yarda ta hau babur ba, ita ce ke dukan bayan direba tana cewa ya ƙara wuta.

Baban Kanini yana kwance sai ya ji murya a baranda. Muryar nan ko a kasuwar Mwingi ba ta ɓuya. Ya tashi zaune yana laluben takalmi, Kalekye na riƙe shi. Can bayan wani lokaci ya ji taku ya tsaya a bakin gadonsa.

"Baban Kanini."

"Maman Ndinda, wa aka sara?"

"Mueni."

Ya miƙa hannu yana neman ƙarfen gado.

"Ban ɗaure ba," in ji ta. "Ban tsaga ba. Ban tsaya ko'ina ba. Sun yi mata allurar. Likita ya ce ƙafar ma za ta tsira."

Dattijon nan ya fashe da kuka, hawaye na jiƙa audugar. Nas ta rugo tana faɗa, "Baba, za ka ɓata mana aiki! Ba a kuka da sabon ido!" Ya ce mata, "'Yata, bar ni. Shekara talatin nake jiran wannan kukan."

Baban Kanini, kai ne ka ɗauki abin da ya fi komai ciwo a rayuwarka ka mayar da shi garkuwar 'ya'yan wasu. Kai ne aka yi wa dariya gindin kuka, ka koma gida ka ɗauki keke ka ci gaba da roƙon fasassun tukwane. Kai ne ka koya mana cewa abin da muke tsoro ma ƙishirwa yake ji. Mai shayar da macizai, da izgili muka ba ka sunan, yau da alfahari muke kiranka. Mun gode, mun gode, Allah ya saka maka, ya ƙara wa idon nan haske, ya sassauta wa gwiwar nan.

Ku kuma da ke karanta wannan, ba na ce kowa ya je ya rungumi mesa ba, ni kaina kun ji inda na tsaya. Amma kowa na iya share bayan ɗakinsa, ya ɗaga itacen girki daga ƙasa, ya kafa kasko a bakin shinge. Kowa na iya haddace abu uku ya koya wa yaransa. In kuma akwai wani a garinku da yake ta maimaita magana ɗaya kuna yi masa dariya, ku ɗan saurara tun bai gaji ba.

Ranar Lahadin da ya ajiye sandar, aka tsaya ana duban wa zai ɗauka cikin samarin da ya koyar. Sai Katunge ta taso daga layin mata, ta ɗauka ta miƙa wa babbansu, ta ce kada ta ji an ce ya makara a kira ko sau ɗaya. Sannan ta juyo ga dattijon.

"Baban Kanini, in ka samu wata fasasshiyar tukunya, ka aiko mini."

"Ke? Ina akuyarki za ta sha?"

"Akuya ta yi haƙuri," in ji ta. "Mueni ce ta ce a kafa biyu. Ɗaya a gidanmu, ɗaya kuma kusa da naka, can wajen kabarin Kanini. Ni zan riƙa zubawa."